GWAJIN NA'URA MAI IDO BIYU: YADDA A KE TABBATAR DA GASKIYAR AWONTA

Kowa ya san dalilin da ya sa hukuma ta ke sa ido a kan mudu da sikeli da famfon sayar da mai. Mai saye ba shi da hanyar gane ko an tauye masa, sai an kawo wani ma'auni da aka riga aka tabbatar da shi, an gwada na ɗan kasuwa da shi. To, a 'yan shekarun nan wani sabon ma'auni ya shigo ƙasar nan, jama'a kuwa ba su lura da cewa ma'auni ne ba. Shi ne tagwayen kyamarori waɗanda a ke haɗawa da kwamfuta domin su auna nisan abin da ke gabansu. Akwai su a bayan gilashin gaba na waɗansu motoci, inda su ke lura da hanya, su taka burki in direba ya yi sakaci. Akwai su a jikin ƙananan jirage marasa matuƙi, da injunan masana'antu, har da motocin bincike da Amurka ta saukar a duniyar Mas. In mudu ya yi ƙarya, asarar ɗan hatsi ce. In wannan ya yi ƙarya, abin yana iya kaiwa ga rai. Wannan darasi zai bayyana yadda na'urar ta ke awo, da inda kuskurenta ya ke fitowa, da yadda masana su ke yi mata jarrabawa.

Yadda ido biyu ke gane nisa

Mai karatu ya miƙa hannunsa, ya ta da babban yatsa, ya saita shi da wata bishiya mai nisa. Ya rufe idon hagu ya duba, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe na dama. Zai ga yatsan ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, bishiyar kuwa kusan tana nan inda ta ke. In ya jawo yatsan kusa da hancinsa, tsallen zai ƙaru. Wannan tsalle shi za a riƙa kira gociya a cikin darasin nan. Dalilinsa shi ne idanun mutum ba a wuri ɗaya su ke ba, akwai ratar santimita 6 zuwa 7 a tsakaninsu, saboda haka kowane ido da hoton da ya ke gani. Abin da ke kusa gociyarsa babba ce, na nesa kuwa ƙarama. Da wannan bambanci ƙwaƙwalwa ta ke gane zurfi.

Wani masanin Ingila, Charles Wheatstone, shi ne ya bayyana wannan al'amari a rubuce cikin 1838. Ya ƙera wani abin dubawa mai madubai wanda ke nuna wa kowane ido zanensa dabam, sai mai dubawa ya ga zanen ya taso kamar abu mai jiki. Daga baya ma'aikatan safiyo suka ɗauki dabarar. Jirgin sama yana tafe yana ɗaukar hotunan ƙasa, kowane hoto ya maimaita kimanin kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. In an jera biyu a ƙarƙashin madubi, sai duwatsu su taso, kwaruruka su faɗa. Ta haka aka zana yawancin taswirorin Nijeriya masu nuna tudu da gangare, kuma domin koyar da irin wannan aiki ne aka kafa cibiyar RECTAS a Ile-Ife cikin 1972, wadda yanzu a ke kira AFRIGIST. Watau aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Abin da ya sake shi ne, dā mutum ne ke zaune yana haɗa hotunan da idonsa, yanzu kuwa kwamfuta ce.

Lissafin, da abin da ya ke ɓoyewa

Hoton kyamarar zamani ɗigogi ne ƙanana a jere, sahu sahu, kuma da ɗigo a ke ƙidaya gociya. Abubuwa uku a ke bukata kafin a san nisa: ratar da ke tsakanin kyamarorin biyu, da wani adadi na gilashin kyamara wanda ke nuna yadda ya ke girmama hoto, da ita gociyar. A ninka na farko da na biyu, a raba da na uku, nisa ya fito.

Ga misali. A ce ratar rabin mita ce, adadin gilashin kuwa 700. In an ninka su an sami 350. Abin da ya goce da ɗigo 35, nisansa mita 10 ke nan. Wanda ya goce da ɗigo 7, mita 50. Yanzu a ce kwamfuta ta yi kuskuren ɗigo ɗaya tak. Maimakon 35 ta ƙidaya 34: amsarta za ta zama mita 10 da kimanin santimita 30, kuskuren bai taka kara ya karya ba. Amma in maimakon 7 ta ƙidaya 6, amsarta mita 58 da 'yan kai, alhali abin yana mita 50. Kuskure ɗaya ne, ɗigo ɗaya, amma a nan ya haifi fiye da mita 8. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, mai karatu ya auna da kansa abin da mita 8 ke nufi a gare ta.

Ƙa'idar ita ce: in nisa ya ninka sau biyu, kuskure yana ninkawa kimanin sau huɗu; in ya ninka sau uku, kuskure sau tara. Saboda haka duk wanda ya ce na'urarsa ba ta kuskuren da ya wuce santimita kaza, bai kuwa faɗi a wane nisa ba, bai faɗi kome ba tukuna.

Kuskure na farko: kyamarar kanta

Lissafin da aka kawo a sama ya ɗauka cewa kyamarorin biyu suna duban gaba daidai wa daida, kuma gilashinsu ba ya lanƙwasa hoto. Babu kyamarar da ta ke haka. Kowane gilashi yana ɗan karkatar da layi, musamman a gefen hoto, kuma ba a iya ɗaure kyamara biyu a kan sanda su daidaita sarai. A misalin da ya gabata, in ɗaya ta juya da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, abin da ido ba zai taɓa gani ba, ya isa ya jawo kuskuren ɗigo guda.

Maganin wannan shi ne saiti, watau a auna lahanin kowace kyamara a rubuta shi, kwamfuta ta riƙa gyara hoto da shi kafin ta fara lissafi. Roger Tsai ya fito da wata hanya cikin 1987. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta Zhengyou Zhang, ma'aikacin sashen bincike na kamfanin Microsoft, wadda aka buga cikin 2000. Sauƙinta ne ya sa ta yaɗu: allo shimfiɗaɗɗe kawai a ke bukata, mai ɗakuna baƙi da fari irin na wasan draf, wanda aka san girman kowane ɗaki a cikinsa. A nuna wa kyamarorin allon ta fuskoki dabam dabam, kwamfuta ta gwada inda kusurwoyin suka faɗo a hoto da inda ya kamata su faɗo.

A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Bayan saiti, kwamfuta takan ba da wani adadi mai nuna yadda lissafinta ya dace da hotunan allon, in ya yi ƙanƙanta sai mai aiki ya yi murna. Amma hotunan da aka yi saitin da su ne aka yi gwajin da su, kamar a ce ɗan kasuwa ya gwada mudunsa da mudunsa. In allon ya ɗan lanƙwashe, ko injin buga takarda ya ɗan ja ɗakunan, adadin zai iya yin kyau awon kuwa ya karkace. Gwaji na gaskiya sai an auna wani abu dabam wanda ba a yi saitin da shi ba. Har wa yau, saiti ba ya dawwama. Zafi yana miƙa ƙarfe, jijjiga tana sassauta kusa.

Kuskure na biyu: neman abokin ɗigo

Ko da saiti ya yi kyau, sauran babban aikin. Dole kwamfuta ta ɗauki kowane ɗigo a hoton hagu ta nemo abokinsa a hoton dama, watau ɗigon da ke nuna wuri guda da shi. Tsarin matakan da ta ke bi wajen neman nan shi ne dabarar lissafi, kuma masana sun ƙirƙiro ɗaruruwa. David Marr da Tomaso Poggio sun bayyana ɗaya daga cikin na farko cikin 1976. Heiko Hirschmüller na cibiyar binciken sararin sama ta Jamus ya fito da wata cikin 2005 wadda ta sami karɓuwa ƙwarai a aikin taswira da na motoci, saboda ta haɗa sauri da inganci.

Wuraren da dabaru ke tuntuɓe sanannu ne. Bango fari fat ba shi da wata alama, kowane ɗigo kamar ɗan'uwansa ya ke. Shinge mai sanduna iri ɗaya ko rufin kwano yana ruɗa kwamfuta ta haɗa sanda ta uku da ta huɗu. Gilashi da ruwa da jikin mota mai sheƙi suna nuna wa kowace kyamara haske dabam. Sa'an nan a bakin kowane abu akwai ɗan wurin da kyamarar hagu ke gani, ta dama kuwa abin ya tare mata. Ɗigon nan ba shi da aboki sam, amma dabara mai gaggawa sai ta laƙa masa wani.

Jarrabawar Middlebury

Shekaru da dama kowane masani yakan gwada dabararsa da hotunan da ya zaɓa, ya buga sakamakon da ya fi kyau. Ba a iya cewa wannan ta fi waccan, domin ba tambaya ɗaya aka yi musu ba. Cikin 2002 Daniel Scharstein na Kwalejin Middlebury a jihar Vermont ta Amurka, da Richard Szeliski na Microsoft, suka buga wani dogon nazari inda suka rarraba dabarun gida gida, suka gwada su da hotuna iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya. Suka kuma buɗe wani jadawali a intanet inda kowa zai kawo sakamakonsa a jera shi da na sauran.

Jarrabawa ba ta yiwuwa sai malami yana da amsa. To, daga ina a ke samun gociya ta haƙiƙa ga kowane ɗigo? Wannan ita ce tambaya mafi wuya a fannin nan duka. A cikin hotunan farko akwai na Jami'ar Tsukuba ta Japan, mai nuna fitila da kan gunki da tebur a gaban kantar littattafai, wanda da hannu aka bi aka rubuta amsarsa. Aikin hannu yana da wahala, yana kuma da nasa kuskure. Cikin 2003 Scharstein da Szeliski suka sake hanya. Suka riƙa haska wa kayan da za a ɗauka zane-zanen ratsin haske da duhu daga majigi, ɗaya bayan ɗaya, har kowane wuri ya sami jerin haske da duhu nasa shi kaɗai, kamar lambar mota. Da ya ke kyamarorin biyu suna ganin lambar, ba sauran shakka game da wane ɗigo ne abokin wane. Sa'an nan a kashe majigin, a ɗauki hoto da hasken ɗaki, shi ne a ke ba dabara ta yi aiki a kansa. Cikin 2014 aka fito da sababbin hotuna 33 manya, har da gangan aka haɗa da waɗanda saitinsu bai cika ba, da waɗanda hasken hagu ya bambanta da na dama, domin a ga dabarar da za ta jure.

Yadda a ke ba da maki shi ma abin lura ne. Akan sa iyaka, a ce ɗigo ɗaya ko biyu, duk amsar da ta kauce fiye da haka an ƙidaya ta cikin ɓatattu, sa'an nan a faɗi kashi nawa cikin ɗari suka ɓaci. Tun a nazarin 2002 an ware makin wurare masu wuya dabam, kamar bakin abubuwa da wurare marasa alama. Hikimar wannan a fili ta ke. Dabara tana iya samun ɓatattu kashi 3 kacal cikin 100, amma in kashi ukun nan sun taru a kan siririn turken fitila ko ƙafar yaro mai tsallaka titi, makin ya yi kyau, aikin ya ɓaci. Akwai kuma dabarar da ke yin shiru a wurare masu wuya, ta ba da amsa inda ya yi mata sauƙi kawai, kamar ɗalibin da ya amsa tambaya uku cikin goma ya ce bai faɗi ko ɗaya ba. Saboda haka tilas a faɗi yawan ɗigogin da aka amsa tare da yawan waɗanda aka amsa daidai, a kuma faɗi lokacin da aikin ya ci. Dabarar da ke bukatar minti guda kan hoto ɗaya ba ta da amfani a cikin mota.

Da aka fita titi

Hotunan Middlebury a cikin ɗaki aka ɗauke su, kayan suna tsaye cik. Cikin 2012 Andreas Geiger da Philip Lenz da Raquel Urtasun suka fito da wata jarrabawa mai suna KITTI, ta haɗin gwiwar wata jami'ar fasaha a birnin Karlsruhe na Jamus da cibiyar fasaha ta Toyota a Shikago. Suka ɗora kyamarori a kan rufin mota ƙirar Volkswagen Passat, ratar santimita 54 a tsakani, tare da wata na'ura ta kamfanin Velodyne mai harba hasken leza 64 tana juyawa sau goma a daƙiƙa, ita ce ke ba da nisa na haƙiƙa. Suka zaga titunan Karlsruhe da ƙauyukanta. Suka ba jama'a tagwayen hotuna 194 tare da amsoshinsu domin koyo, suka riƙe amsoshin 195 domin jarrabawa. Kuskuren da ya wuce ɗigo 3 shi a ke ƙidayawa.

Abin da suka gano ya kamata duk mai sayen irin wannan na'ura ya riƙe shi. Dabarun da ke kan gaba a jadawali irin na Middlebury, da aka fito da su rana da inuwa da kwalta da gilashin motoci, waɗansunsu ko matsakaicin maki ba su kai ba. Ba ƙarya jarrabawar farko ta yi ba, ta faɗi gaskiyar abin da ta gwada. Mutane ne suka ɗauki sakamakon ɗaki suka zaci na titi ne.

KITTI ita ma tana da iyakarta. Hasken leza bai kai ga kowane ɗigo ba, kimanin rabin hoto ne ke da amsa, kuma gilashi yana ruɗa shi kamar yadda ya ke ruɗa kyamara. Mota mai tafiya kuwa ba ta tsayawa a auna ta. Sai a jarrabawar 2015 ne Moritz Menze da Geiger suka shigo da motoci masu motsi, ta hanyar ɗora musu siffofin motoci da aka zana a kwamfuta. Watau ma'aunin da a ke gwada ma'auni da shi, shi ma yana bukatar a san kuskurensa.

Hadda ba ilmi ba ce

Daga wajen 2015, lokacin da Jure Žbontar da Yann LeCun suka nuna cewa kwamfuta tana iya koyon haɗa ɗigogi daga dubban misalai, dabaru masu koyo suka mamaye saman jadawalai. Makinsu ya fi na dā nesa. Amma sun zo da wata cuta da kowane malamin makaranta ya sani. Ɗalibin da ya haddace tambayoyin shekarun baya yakan ci jarrabawa, in an sake fasalin tambaya kuwa sai ya tsaya. Dabarar da ta koyi titunan gari ɗaya da kyamara iri ɗaya takan rikice in an ba ta hoton wani wuri. Wannan ne ya sa masu jarrabawa ke ɓoye amsoshi, su kuma hana mutum ya yi ta aiko da sakamako yana gyarawa har ya lalubo amsar. Cikin 2018 aka shirya wata gasa inda dole dabara guda, ba tare da an sake mata saiti ba, ta zauna jarrabawar Middlebury da ta KITTI da wata ta jami'ar fasaha ta Zurik a Suwizalan, a haɗa makin.

Abin da ya shafi mai aiki a ƙasar nan

Hotunan Karlsruhe da rana aka ɗauke su, iska garau. Babu hazon hunturu a cikinsu, wanda ke dusashe abin da ke nesa har alamun da kwamfuta ke nema su ɓace. Babu ƙurar da ke kwanciya a gilashin kyamara ɗaya ta bar ɗaya. Saboda haka ma'aikata ko kamfanin da zai sayi na'ura kada ya tsaya ga takardar mai sayarwa, ya gwada ta a inda za ta yi aiki.

Gwajin farko ba ya bukatar kuɗi. A sami bango miƙaƙƙe mai ɗan kaushi ko zane, a kafa na'urar tana fuskantarsa sosai, a auna tsakaninsu da tef ɗin awo na ƙarfe: mita 1, sa'an nan 2, da 4, da 8. A kowane zango a ɗauki awo da yawa, ba ɗaya ba. Abu biyu za a duba, kada kuwa a gauraya su. Na ɗaya, ko amsoshin suna kusa da juna. Na biyu, ko matsakaicinsu ya dace da abin da tef ya faɗa. Na'ura tana iya maimaita mita 3 da santimita 80 sau ɗari ba ta canja ba, alhali bangon yana mita 4. Mudun da aka dagargaje gindinsa shi ma kullum awo ɗaya ya ke bayarwa. A maimaita gwajin da sanyin safiya da kuma tsakar rana, a maimaita bayan an yi tafiya da na'urar a hanya mai gargada, sa'an nan a kafa siririn sanda a gaban bangon a ga ko za ta gan shi. A Jamus an fitar da ƙa'idar gwaji mai lamba VDI/VDE 2634 wadda tushenta wannan ne: faranti shimfiɗaɗɗe, da ƙwallaye a kan sanda waɗanda aka tabbatar da tazararsu tun da fari.

A aikin taswira da jirgi maras matuƙi, ma'aikatan safiyo sukan kafa alamu a ƙasa su auna su da kayan awo masu inganci. Waɗansu alamun a ke ba kwamfuta ta ɗaure taswirar da su, waɗansu kuwa a ɓoye mata, sai ta gama a gwada. Ƙa'idar da Amurka ta fitar cikin 1998 ta ce irin waɗannan alamun gwaji kada su kasa 20. Ɗan kwangilar da ya kawo taswirar fili ko ta hanyar ruwa, in an tambaye shi alamun da ya ɓoye ya ce duka ya ba kwamfuta, to taswirarsa ba a gwada ta ba. Kuskuren tsawo na rabin mita a wuri mai shimfiɗa ya isa ya sa a haƙa magudana ruwa ya ƙi bin ta.

Sai masu motoci. Kamfanin Subaru na Japan ya fara sa tagwayen kyamarori masu suna EyeSight a motocinsa cikin 2008, waɗansu kamfanoni ma suna da irin nasu, kuma motocin da a ke shigowa da su na hannu suna zuwa da su. Kyamarorin ta cikin gilashin gaba su ke dubawa, saboda haka gilashin ya zama ɓangare na idon. In ya fashe aka sa wani, ko mota ta yi karo aka buga gabanta, masu ƙera motocin sun ce lalle a sake saiti da allo na musamman a tazarar da aka ƙayyade. Mai mota ya tambayi makanike tun kafin a cire tsohon gilashin ko yana da allon da kwamfutar yin wannan aiki. In ba shi da su, ya nemi inda a ke da su, kafin nan kuwa ya tuƙa motar kamar wadda ba ta da kyamara ko ɗaya, kada ya kuma manna takarda ko ya rataya wani abu a gaban idanun.